Kwaɗon da Bai San Ɓarawo Ba, Bai San Mai Gida Ba

Wannan shi ne matanin wata lacca da aka gabatar a garin Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, gaban tsofaffin masu shagunan kaset da faifai, da malaman makaranta, da matasa masu sha'awar shirya fim. An buga ta a nan ɗungurungum, domin maganar da ta taso a cikinta ta wuce ta nishaɗi: magana ce ta doka, da ta dukiya, da ta tarihin al'umma.

 

A gidaje da dama na Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa, in aka leƙa ƙarƙashin gado ko aka buɗe tsohuwar adaka, za a tarar da tarin kaset da faifan bidiyo waɗanda aka saya da kuɗin gumi shekaru goma sha biyar ko ashirin da suka shige. Akwai fina-finan Kano, akwai na Indiya, akwai wa'azin malamai, akwai kuma bikin auren ɗiyar gidan. In aka kakkaɓe ƙura aka saka su cikin na'ura, wasu za su yi ta sarƙewa, wasu hoton ya daskare a tsakiyar magana, wasu kuwa ko motsi ba za su yi ba. Mai gidan ya biya kuɗinsa, bai saci kayan kowa ba, amma abin da ya saya ya mutu a hannunsa.

Abin tambaya a nan shi ne: tun faifan nan yana da rai, shin mai gida yana da ikon ya kwafe shi a wani faifai ya adana, don gudun irin wannan rana? In kuwa masu fim sun ɗaura wa faifan kwaɗo don hana kwafi, yana da ikon ya ɓalle kwaɗon? Tambayar ta yi kama da ta yara, amma ta kai gaban kotunan Amurka da Norwe da Faransa, kuma amsoshin da aka ba ta a can su ne suka gangaro cikin dokokin ƙasashen Afirka, ba tare da an nemi jin ta bakin mutumin Madarunfa ba.

Asalin kwaɗon

Tsoron kwafi ya girmi faifai. A 1975 kamfanin Sony ya fitar da na'urar Betamax, wadda ke ɗaukar shirin talabijin a kaset. A 1976 kamfanonin fim na Universal da Disney suka kai ƙara, suna neman a hana sayar da ita. Shari'ar ta ja har watan Janairu na 1984, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, cewa mutumin da ya ɗauki shiri a gidansa don ya kalla daga baya bai keta haƙƙin kowa ba. Masu fim suka ɗauki darasi: tun da alƙali ya ƙi hana na'ura, to sai a dasa hanin cikin kayan da kansu. Daga 1985 aka fara saka wa kaset wata ɓoyayyiyar alama ta kamfanin Macrovision, wadda ke rikita na'urar da ke ɗauka, hoton kwafi ya riƙa haske yana duhu har kallo ya gagara.

Da faifan DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, ya zo da kwaɗo iri biyu. Na farko shi ne wanda ake kira CSS. Ana hargitsa bayanan fim ɗin a kan faifai, yadda ba mai karanta su sai mai mabuɗi. Mabuɗin yana ɓoye a wani lungu na faifan wanda ba a iya rubuta shi a kan faifai fanko na kasuwa, kuma ba a ba kamfani izinin ƙera na'urar da ke buɗe shi sai ya sa hannu a kan sharuɗɗan masu fim. Saboda haka wanda ya kwafe faifan a kwamfutarsa sai ya tashi da hargitsattsen abu marar amfani.

Kwaɗo na biyu ya fi ban mamaki. An raba duniya shiyya shida. Amurka tana shiyya ta 1, Faransa da sauran Turai ta yamma suna ta 2, mafi yawan ƙasashen Afirka kuwa, har da Nijar da Nijeriya, an haɗa su da Rasha da Indiya a ta 5. Ɗalibin da ya sayi faifai na halal a Paris ya dawo da shi Yamai, in na'urarsa ta shiyya ta 5 ce, sai ta ƙi karɓar faifan. Wannan kwaɗo ba ruwansa da sata. An yi shi ne domin kamfanoni su tsara ranar da fim zai fita a kowace nahiya, da farashin da za su yanka wa kowace kasuwa.

To, wa kwaɗon ya hana? Manyan masu satar fasaha, waɗanda ke da injinan buga faifai dubu-dubu, ba su bukatar mabuɗi: suna buga faifan yadda yake, da kwaɗonsa da komai, kamar ɓarawon da ya saɓa akwati ya tafi da ita a kulle. Na'urori masu araha na ƙasar Sin, waɗanda ba su kula da shiyya, suka cika kasuwanni. Wanda ya rage a bakin ƙofa shi ne mutumin kirki, mai faifai ɗaya da ya saya, wanda ke son ya adana shi kafin yara su karce shi.

Abin da alƙalai suka ce

A watan Oktoba na 1999 wata ƴar manhaja mai suna DeCSS ta bazu a intanet, tana buɗe kwaɗon cikin ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta yaro ne ɗan ƙasar Norwe, Jon Johansen, mai shekara 15. A watan Janairu na 2000 ƴan sanda suka shiga gidansu suka kwashe kwamfutocinsa. Hujjarsa ita ce faifan nasa ne, da kuɗinsa ya saya, kuma yana da ikon ya kalle shi a kan na'urar da ya ga dama. A watan Janairu na 2003 kotu ta wanke shi, a watan Disamba na shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Ke nan kwaɗon da manyan kamfanonin duniya suka taru suka ƙera bai wuce shekara uku a kulle ba. Wanda aka ƙera wa faifan Blu-ray, da ya fito a 2006, shi ma mabuɗinsa ya bazu a 2007.

A Amurka hanya ta bambanta. Tun watan Disamba na 1996 aka sa hannu a Janeba kan wata yarjejeniya ta hukumar OMPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a duniya, wadda ta wajabta wa ƙasashe su kare irin waɗannan kwaɗuna da doka. A 1998 Amurka ta kafa dokar da ake kira DMCA, wadda ta mai da ɓalle kwaɗo laifi mai zaman kansa, ko da mai ɓallewar shi ne mai faifan. Da wannan doka ce wata kotun New York ta hana mujallar 2600 yaɗa DeCSS a 2000.

Shari'ar Faransa ta fi kusa da Nijar, domin daga can aka gaji tsarin doka. Wani Bafaranshe ya sayi faifan fim ɗin Mulholland Drive na David Lynch, ya so ya juye shi a kaset don ya kalla a gidan iyayensa, kwaɗo ya hana. Shi da ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir suka kai ƙara. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ba shi gaskiya. Ranar 28 ga Fabrairu 2006 babbar kotun ƙasar ta rushe hukuncin, ta ce kwafin gida ba zai hana ɗaura kwaɗo ba muddin yana iya cutar da cinikin fim. Shari'ar ta ƙare a 2008 a kan cewa kwafin gida rangwame ne da mutum zai kare kansa da shi in an tuhume shi, ba haƙƙi ne da zai je kotu ya nema ba. Abin takaicin shi ne, tun dokar 3 ga Yuli 1985 duk Bafaranshen da ya sayi kaset fanko yana biyan wani kaso a cikin farashinsa, diyyar kwafin gida, wanda ake raba wa masu fasaha. Ya biya kuɗin kwafi, an hana shi kwafi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Haƙƙi a jikin kwali

Yanzu a dawo gida. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan faifan da suka shigo Madarunfa ba su taɓa ɗaukar kwaɗo ba. Sun biyo hanyar Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa zuwa Maraɗi, kuma labarinsu daban yake da na Hollywood.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo. Cikin shekara goma abin ya zama masana'anta, har mujallar Fim ta fara fita a 1999, fina-finai irin su Sangaya da Wasila suka zama abin hira a kowane zaure daga Kano har Damagaram. A wannan ɓangaren iyaka, karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Faransa, kaset na asali daga Turai ya zama kayan masu hannu da shuni. Kaset ɗin Kano kuwa yana magana da harshen gida, kuma aljihun talaka yana iya ɗaukarsa.

Yaya masu fim na Kano suka kare guminsu ba tare da kwaɗo ba? Wani masani ɗan jami'ar Amurka, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kasuwar Ƙofar Wambai, ya bayyana tsarin a littafinsa na 2008. Mai fim yakan ba ƴan kasuwa uwar kaset, wadda suke kira masta, sannan ya buga kwalayen fim ɗin ya sayar musu. Ɗan kasuwa shi ke sayen kaset fanko, shi ke kwafa, amma ba ya sayar da kaset sai cikin kwalin mai fim. Yawan kwalin da aka saya, yawan kuɗin mai fim. Wato haƙƙin mallaka yana jikin kwali ne, ba jikin kaset ba. Dabara ce ta mutanen da suka san ba za a iya hana kwafi ba, sai suka mai da mai kwafi abokin ciniki. Ginshiƙinta amana ce da ido: kowa ya san shagon kowa, kuma wanda aka kama da kwalin jabu ya zubar da mutuncinsa a kasuwa.

Kaset ɗin kansa ma yana da nasa kariya ta halitta. Duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya ragu: hoto ya yi dishi-dishi, murya ta shaƙe. Mai son abu mai kyau dole ya nemi na kusa da uwa. Da faifan VCD ya maye gurbin kaset a shekarun 2000, wannan kariya ta faɗi. Tsarin VCD, wanda aka kafa tun 1993, ba shi da kwaɗo kuma ba shi da shiyya, sannan kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Duk mai kwamfuta da ke ƙona faifai ya zama masana'anta. Aka fara cusa fina-finai da yawa a faifai guda ana sayarwa kuɗin ɗaya. Bayan haka wayar hannu da katin ajiya suka iso, sana'ar tura fim a waya ta buɗe a kowace tasha da kowace kasuwa, ba faifai, ba kwali. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe. Masu fim da yawa suka bar sana'ar, wasu suka koma talabijin, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, wasu suka koma YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka yi tashe daga 2020.

Don haka kukan masu fim kuka ne na gaskiya, kuma duk wanda ya raina shi bai yi adalci ba. Mutum ya sayar da fili ya shirya fim, kafin ya mai da uwar kuɗinsa fim ɗin ya cika wayoyin mutane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma a lura da wanda ya yi ɓarnar. Magidancin da ya kwafe faifansa guda ya jefa a adaka bai rage wa mai fim ko dala ɗaya ba, domin ya riga ya biya. Mai kwafi don sayarwa shi ya ci kasuwar. Haɗa waɗannan biyu a laifi ɗaya shi ne kuskuren kwaɗo, kuma bai kamata ya zama kuskuren doka ba.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Nijar tana cikin yarjejeniyar Bern ta kare haƙƙin marubuta tun 1962, kuma tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Dokar ƙasa ta haƙƙin mallaka ta zamanin dimokuraɗiyya ita ce mai lamba 93-027 ta 30 ga Maris 1993. A 1995 aka kafa hukumar BNDA, mai karɓa da raba kuɗin masu fasaha. A ranar 23 ga Disamba 2010 doka mai lamba 2010-95 ta maye gurbin ta 1993.

Ranakun nan suna da abin faɗi. Dokar 1993 ta fito kwana uku bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a ƙarshen riƙon ƙwaryar da ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, lokacin da hankalin kowa yana kan sakamakon ƙuri'a. Ta 2010 ta fito a ƙarƙashin riƙon ƙwaryar soja. Duka biyun hukumomin wucin gadi ne suka kafa su. Ba mamaki ke nan in mai shago a Madarunfa bai taɓa jin abin da ke cikinsu ba, sai ranar da aka zo masa da maganar tara. Dokar da ta shafi abin da ke cikin ɗakin kowa, amma aka rubuta ta da Faransanci kaɗai, aka bar ta cikin jaridar gwamnati, ta zama sanda a hannun wanda ya iya karatu.

Yarjejeniyar Bangi, yadda aka gyara ta a 1999, ta ɗauki hanya biyu a lokaci guda. Ta yarda mutum ya kwafi aikin da aka fitar bisa halal don amfanin kansa, ta kuma tanadi diyya ga masu fasaha a kan kayan kwafi. Amma ta haramta ƙera ko shigo da kayan ɓalle kwaɗo don sayarwa ko haya. Maƙwabciya Nijeriya ma, a sabuwar dokarta da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shigar da hana ɓalle kwaɗo. Ke nan matsalar Bafaranshen nan mai faifai tana kwance cikin dokokin wannan yanki, tana jiran ranarta.

Malaman addini ba su yi shiru a kan asalin maganar ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, kuma bai halatta a keta ta ba. Haka nan ƙasar Hausa ta daɗe da sanin kwafi mai mutunci. Da hannun almajirai littattafan malaman Katsina da Sakkwato suka rayu: ɗalibi ya kwafe littafin malaminsa don karatun kansa, ya rubuta sunan mawallafi, ya rubuta nasa a ƙarshe, ba wanda ya kira shi ɓarawo. Ba don su ba, da gara da gobara sun gama da komai.

Mutuwar da ba a yi wa zaman makoki

Akwai asarar da ta fi ta kuɗi. Faifai ba dutse ba ne. A faifan sidi, shimfiɗar da ke ɗauke da bayanai tana dab da bayan da ake rubuta suna, ƙarzanen allura a nan ya isa ya kashe fim. Faifan da ake ƙonawa a shago kuwa rini ne a cikinsa, zafi da hasken rana suna cin sa sannu a hankali. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina, kwanan faifai gajere ne. Kaset ma yana yin fumfuna, zarensa ya manne. Na'urorin da ke karanta shi suna ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya daina a 2016.

A dubi labarin Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa ya ɓata. A 2016 aka gano shi cikin kayan ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Berlin, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Ya tsira ne domin a kan zaren silima aka ɗauke shi, wanda ya iya haƙurin shekara 40 cikin gwangwani. Faifan da aka ƙona a shago ba shi da wannan haƙuri. Nijar, ƙasar Umaru Ganda wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972, da Mustafa Alhasan, ta fi kowa sanin darajar hoto mai motsi. Fina-finan bidiyo na shekarun 1990 da 2000 su ne madubin zamaninsu: suturar mutane, da karin maganarsu, da fasalin gidajensu, da abin da ke sa su dariya da kuka. Wanda duk mastarsa ta lalace a hannun mai shi, rayuwarsa ta rataya ne a kan kwafin da ke cikin adakar wani.

Zamanin intanet bai warware matsalar ba, sauya mata riga ya yi. Kwaɗon ya bar faifai ya koma cikin manhajojin kallo. Mai biyan kuɗin wata ba ya mallakar komai: ranar da kamfani ya cire fim, ko aka rufe tashar da ke ɗauke da shi, ba abin da zai rage a hannunsa, ko mataccen faifai.

Kwafi iri uku, da abin da ya kamata a yi

Maganar duka tana komawa ga rarrabe abu uku. Akwai kwafin kasuwa, wanda ake yi don sayarwa ko haya ko nunawa a gidan kallo ba da izini ba: wannan cin haƙƙi ne, komai ƙanƙantar ribar. Tura fim ga ɗaruruwan mutane a zauren WhatsApp ma yana cikin wannan sahu, ko da ba a karɓi ko tamma ba, domin ya fita daga da'irar iyali. Akwai kwafin gida, wanda mai faifan halal ke yi don kansa da iyalinsa. Akwai kuma kwafin ajiya, wanda ake yi don kada aiki ya ɓace daga doron ƙasa. Na farko a hana, na biyu a halatta a fili, na uku a ƙarfafa shi.

Na ɗaya, a fassara dokar haƙƙin mallaka cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta ta a gidajen rediyon karkara. Kuma duk ranar da za a gyara ta, a rubuta ƙarara cewa kwaɗo ba zai soke ikon mai kaya na adana abin da ya saya ba.

Na biyu, a biya masu fasaha ta hanyar da ba ta bukatar leƙa ɗakin kowa. Jamus ta fara ɗora diyyar kwafin gida a kan na'urori tun 1965. Burkina Faso tana karɓar tata ta hannun ƴan duwan, a lokacin shigo da kaya. A watan Satumba na 2023 majalisar ministocin UEMOA ta amince da umarnin daidaita wannan diyya a ƙasashenta. Ingila kuwa ta halatta kwafin gida a 2014 ba tare da diyya ba, kotu ta soke matakin a 2015. Darasin a bayyane yake: rangwame ga mai saye da diyya ga mai fasaha tare suke tafiya. Amma da sharaɗi: kason ya zama kaɗan, kuma kowace shekara a buga abin da aka tara da waɗanda aka ba, jama'a su gani. Kuɗin da ake karɓa da sunan mawaƙi, in ba a bayyana lissafinsa ba, haraji ne kawai da aka sauya wa suna. Tun da kuwa mafi yawan abin da ake kallo a jihar Maraɗi daga Kano yake zuwa, wajibi ne hukumomin ƙasashen biyu su shirya yadda rabon masu fim na can zai isa gare su.

Na uku, a fuskanci manyan masu kwafi da masu yaɗawa, kada a bar jaki ana dukan taiki. Matashin da ke tura fim a bakin tasha neman abinci yake yi. Abin da ya dace da shi shi ne a jawo shi cikin tsari, yadda Ƙofar Wambai ta yi da kwali: ya yi rajista, ya biya wani abu sananne, a ba shi takardar shaida, ya zama dillalin mai fim maimakon abokin gabarsa.

Na huɗu, a ba ɗakunan karatu da gidajen al'adu na kowace gunduma ikon karɓar tsofaffin kaset da faifai daga hannun jama'a, su kwafe su, su rubuta sunan fim da na masu shi da shekararsa, su mayar wa mai kaya kayansa. Abin da aka adana ba za a yaɗa shi ba sai da izinin mai haƙƙi. Wannan aiki ne na gaggawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin hukuma ta motsa, kowane magidanci yana da abin yi. Ya fito da faifansa daga rana da zafi, ya jera su a tsaye cikin gidajensu, ya riƙa kama su ta gefe, in zai goge ya goge daga tsakiya zuwa baki da tsumma mai laushi. Na biki da na suna da na walimar sauka, waɗanda kwafinsu ba ya cutar da kasuwar kowa, ya juye su tun yau, ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu, kuma bayan ƴan shekaru ya sake juyewa, domin katin ajiya ma yana mutuwa.

Manomin bakin tafkin Madarunfa ya san abu biyu da ba ya haɗa su. Ya san wanda ya shiga gonar wani da dare ya yanke gero ɓarawo ne. Ya kuma san wanda ya keɓe zangarniya mafi kyau daga cikin abin da ya mallaka, ya rataye a rumbu don shukar baɗi, mai hankali ne. Kwaɗo ƙarfe ne, ba ya iya rarrabe su. Doka kuwa mutane ne ke rubuta ta, kuma ba ta da uzurin da ƙarfe yake da shi.

Allah ya ba masu fasaha ladan guminsu, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya mai da kowa gidansa lafiya.